Na Je Gungu Karɓo Akushin Malam

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, "A'i, ya hanya?" Waccan ta bugo waya, "To ina akushin?" Ranar Asabar ma a makaranta sai da Malama ta dakatar da karatu saboda ƙus-ƙus ɗinku. Ni kuma da kuka sani da zuba, na koma kamar an ɗinke mini baki. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci, domin abin da ya same ni ba zan iya faɗarsa ina kallon idonku ba. Ku karanta, ku miƙa wa wadda ba ta zo ba.

Saboda sababbin cikinmu, bari in fara daga tushe. Malam Na-Gungu, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ne shehinmu a nan Yelwa. Shi ya ba mu wuridi, shi ya buɗe karatun mata na ranar Asabar, yana zaune bayan labule, mu muna tsakar gida. A wani gungu, wato tsibiri, aka haife shi, can cikin ruwa ƙasa da Wara, shi ya sa ake kiransa haka.

Shekarar da ɗana Nasiru ya rasu a ruwa, na shiga ɗaki na juya fuska bango. Ba na girki, ba na wanka sai an tilasta mini. Rannan sai ga uwargidan Malam da wani baƙin akushi a hannu. Ta ce, "Malam ya ce a gaishe ki. Ya ce yana son abincin Juma'a daga hannunki." Shehi ya aiko, wa zai ce a'a? Na tashi ina jiri na hura wuta. Na ce a raina, me ya fi kyau a duk garin nan? Tarwaɗa. Na yi tuwon shinkafa da miyar busasshiyar tarwaɗa, na kai.

Daga ranar, kowace Juma'a ni ce. In na miƙa akushin a ƙofar cikin gida ba na tafiya. Sai in raɓe bayan katangar ɗakinsa in kasa kunne. Kun san kunnena. Sai na ji ya ce bisimilla, na ji ƙarar loma, na ji ya ce, "Allah ya yi wa A'i albarka," sannan in kama hanyar gida ina jin kamar a kan iska nake tafiya. Haka muka yi shekara da shekaru har Allah ya karɓi abinsa. Ku kuka sa mini suna Mai Akushi, ni kuma ban taɓa hana ku ba.

Da aka yi rabon kayansa, akushin ya tafi gungu wurin ƙanwarsa, Inna Dije, wai na mahaifiyarsu ne. Abin ya tsaya mini a wuya. Kun ji ni da bakina ina cewa babu wanda ya fi ni haƙƙi a kan akushin nan, kuma zan je in karɓo shi. Ni da ko Birnin Yauri ba na zuwa sai da dalilin rasuwa.

Aminiyata Yaya Hajo ce ta ce za ta raka ni. Ta ce, "Ba don ke ba, don in ga ranar da za ki hau ruwa." Na je kasuwa na zaɓi tarwaɗa banda, manya, masu maiƙo, na naɗe a takardar siminti na cusa a jaka. Tsarabar Inna Dije ke nan. Na ce in ta ga irin abin da ɗan'uwanta yake ci daga hannuna, ba sai na yi dogon bayani ba.

Da sassafe muka je tasha. Motar Wara irin wadda ƙofarta sai an ɗaure da igiya ce. Aka cusa ni tsakanin Yaya Hajo da wata Bafulatana mai ƙwaryar nono, a bayanmu damman irin albasa, a ƙarƙashin ƙafata zakaran wani mutum. Ba mu yi nisa ba rana ta taɓa jakar, ƙamshin kifi ya cika motar. Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, in dai haka ne ke za ki ciyar da mu yau." Ni ko sai na samu ƙofa. Na ba su labarin Malam da miyata tun daga farko. Yaya Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Direba, ka jawo mana. Wannan labarin sai mun kai Wara bai kai rabi ba."

Hanyar kam, kada in ɓata muku lokaci. Inda akwai kwalta akwai rami, inda babu kwalta akwai ramin da ya fi shi. A wani wuri 'yan sa-kai sun gitta igiya, suka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani dogo da bindigar toka ya buɗe jakata, ya shaƙa, ya ce, "Inna, wannan ai makami ne." Kowa ya yi dariya. Da zan koma mota zakaran nan ya cafki yatsan ƙafata, na yi salati da ƙarfi har dogon ya juyo da bindiga. Mai zakara ya yi ta ba ni haƙuri, Yaya Hajo tana share hawayen dariya.

Da la'asar muka shiga Wara. A gidan Malam Buhari muka sauka. Tsofaffin cikinku sun san shi, shi ne hadimin da yake kwana a ƙofar ɗakin Malam, yake zuba masa ruwan alwala. Bayan rasuwa ya koma garinsu yana ɗinkin hula. Matarsa Mairo ta share mana ɗaki, ta kawo mana shinkafa da wake da wasu ƙananan kifaye soyayyu kamar ɗan yatsa, ana ci da kai da ƙaya. Mu a Yelwa mun san su, amma su can kamar gyaɗa suke watsa su a baki. Ruwansu kuma yana da wani ɗanɗano, na dai sha kaɗan.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Malam Buhari ya zauna daga gefe, aka shiga hirar Malam. Ya ce shi abin da ba ya mantawa gwiwarsa ce. Tun yana saurayi take masa ciwo, ba ya iya daɗewa a tanƙwashe, ga shi kunya ba ta bari ya miƙe ƙafa a gaban shehi. "Ban taɓa faɗa masa ba," in ji shi. "Rannan ana tsakiyar wazifa sai na ga Malam ya miƙe ƙafarsa ɗaya. Kowa ya miƙe. Ni ma na miƙe. Daga ranar kullum sai ya miƙe ta. Sai da na wanke gawarsa na tuna ban taɓa jin ya yi kukan gwiwa ba."

Yaya Hajo ta ce ita ma tana da nata. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Amma ranar Asabar, duk gefen da ta zauna, sai ta ji muryar Malam ta matso ta wajen labulen da ke kusa da kunnenta mai lafiya. Ni da muke tare da ita tun muna amare, sai ranar na san tana da mataccen kunne.

Sai aka zo kaina. Me zan ce in ba miyata ba? Na faɗi yadda nake zaɓen kifin, yadda nake wanke shi da ruwan zafi, yadda nake jin ƙarar lomarsa ta bayan katanga. Har na ƙara da abin da na sha gaya muku: wai ranar Asabar in yana karantar da mu ina jin wani sauti daga bayan labule, karas, karas, ni kaɗai nake ji, na ce muku carbinsa ne yake gogar buzu, ko yana karatu hannunsa bai bar zikiri ba. Ina cikin faɗa sai ludayi ya suɓuce daga hannun Mairo. Malam Buhari ya duƙar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Can ya ce, "Hajiya, kifin nan da kika zo da shi, da kin bar mana shi a nan. Ruwa yana ɓata kaya."

Na ce, "Ai na naɗe shi da kyau, Malam."

Ya ce, "Duk da haka. Ki kai mata goro da sabulu, sun isa."

Na ce to. Da muka shiga ɗaki na matsa kusa da Yaya Hajo, ta wajen kunnenta mai ji, na ce, "Kin ga mutumin nan? Duk zaman da ya yi da Malam bai raba shi da kwaɗayi ba." Allah ya yafe mini. Har jakar na jawo na yi matashi da ita. Da gari ya waye kallabina yana warin banda.

Da hantsi Malam Buhari ya raka mu bakin ruwa, ya haɗa mu da wani mai jirgi, Ɗanjuma, Basarke ɗan gidan masunta, shi ma almajirin Malam ne. Kafin a shiga sai aka ba mu wata riga mai ruwan lemo, wai in jirgi ya kife ita za ta riƙe mutum. Na sa ta a kan hijabi, na zama kamar buhun gero da aka ɗaure da ƙyar. Yaya Hajo ta ce, "Tsaya in kira mai hoto." Ni dai ba dariya nake ji ba. Tunda ruwan nan ya ci Nasiru ban taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Na taka da bisimilla, jirgin ya karkata, na rungume wata mata da ban sani ba, tare da tulunta. Ta ce, "Sannu Inna, ai ba mu ma tashi ba."

Ruwan can ba irin namu na Yelwa ba ne da kake hango ƙetare. Ka duba nan ruwa, ka duba can ruwa. Na rufe ido ina ta istigfari. Ɗanjuma ya ga halin da nake ciki ya shiga ja na da hira. Ya nuna wani wuri ya ce, "Hajiya, buɗe ido ki ga iyaka. Nan Kebbi, can Neja." Na buɗe, ban ga komai ba sai ruwa iri ɗaya. Na ce, "Ina shingen?" Ya ce, "Kifi ya cinye." Ya nuna wani wurin ya ce a ƙarƙashinsa akwai tsohon garin kakanninsa, da masallaci da rijiya, tun kafin a yi madatsa a tare ruwa. Na ce a raina, ashe akwai masu wucewa ta kan gidansu kullum ba su iya shiga.

Shi ma ya ba da nasa labarin. Ya ce shi yake kai Malam gungu duk shekara. Wata rana jirgi ya fara shan ruwa, mutane suna ta kiran Malam ya yi addu'a, sai suka ga ya naɗe hannun riga ya ɗauki ƙoƙo yana kwashe ruwa. Ya ce, "Ku ɗauki ƙoƙo, addu'ar tana tafe." Ɗanjuma ya yi dariya, sannan ya ce, "Ranar na fara ganin hannunsa. Duk tabo, Allah sarki." Na ce, "Tabon me?" Ya shaƙi iska, ya dubi jakata ya ce, "Hajiya, wannan kayan gungu za ki kai?" Na ce, "Gidan su Malam ma kuwa." Ya ce, "Ikon Allah." Ni a zatona yabo ne.

Gungun ba girma gare shi ba. Ɗakunan ƙasa da rumbuna, ga fadamar albasa tana bin bakin ruwa har inda ido ya tsaya. Abin da ya fara ba ni mamaki, mata ne ke tuƙa kwalekwale da kansu, da goyo a baya, a tsaye, kamar yadda mu muke tsayawa a gindin turmi. Suna magana da yarensu, in sun juyo gare ka su yi Hausa. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa da wuri, sai an tambayi ruwa, an tambayi albasa, an tambayi mutanen da ka baro ɗaya bayan ɗaya.

Muka sami Inna Dije a gindin mangwaro tana tsinke irin albasa. 'Yar ƙaramar tsohuwa, baƙa, idonta tar. Da ta ɗago kai gabana ya faɗi, domin ban taɓa ganin fuskar Malam sosai ba, amma da ta ce "Maraba" na ji muryarsa sak. Muka durƙusa muka gaisa, muka yi mata ta'aziyya ko da an daɗe. Matan gidan suka kewaye mu.

Na gyara zama na fara jawabin da na shirya tun daga gida. Na ce ni ce wadda take ciyar da Malam kowace Juma'a. Na ce ga irin abin da yake so na kawo mata. Na kwance jaka na buɗe takardar siminti a gabanta.

Matan nan suka ja da baya kamar na saki maciji. Wata ta ɗauke ɗanta. Inna Dije ta dubi kifin, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Ke ce A'i?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"Ta Juma'a?"

Na ce, "Ita." Har da murmushina.

Sai ta tafa hannu ta juya ga matan ta ce, "Ku taho ku gani! Ga matar da ka sa Yaya susa!"

Ban gane ba. Na dubi Yaya Hajo, ita ma ba ta gane ba. Inna Dije ta sa wata ta ɗauke kifin da sanda ta kai bakin ruwa wurin Ɗanjuma, sannan ta ce, "Ɗiyata, mu gidanmu ba mu cin tarwaɗa. Tun kakanni. Ko tukunyar da aka dahwa ta ba mu taɓawa. Wanda ya ci, jikinai ya tashi ruɗu-ruɗu, ya kwan biyu yana susa kamar mai ƙazuwa. Da Yaya, Malaminku, ya tahi karatu ya dawo ya ce muna wannan camhi ne, Allah bai haramta kihi ba. Muka ce to. Ya ci a gabanmu don mu gani. Kahin la'asar ya kumbura. Karatun ya yarda, jikin bai yarda ba."

Matan suka yi dariya, da alama labari ne da suka saba ji. Ni kuwa sai na ji wani sauti a kunnena. Karas, karas. Ranar Asabar. Bayan labule. Washegarin Juma'a.

Na ce, "Inna, amma ai yana ci. Da kunnena nake ji."

Ta ce, "Awo, yana ci. Mi zai yi? Duk shekara in ya zo sai in ga hannunai. Na ce mashi, Yaya, hwaɗa mata mana, ko ka ba almajirai su cinye. Ya ce, Dije, matar nan tukunya ta tashe ta daga tabarma, in na ce ba ni ci za ta koma ta kwanta. Na ce to ka yi kamar ka ci. Ya ce tana nan bayan katanga tana saurare, kuma ba ni sa mata albarka a kan ƙarya. Sai ya yi loma kaɗan da miyar, yadda za ki ji, Buhari ya cinye saura. Da sahe Buhari ya shahwa mashi man kaɗe a baya."

'Yan'uwa, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Da ƙasa za ta buɗe da na gode mata. Malam Buhari ya san gwiwarsa aka duba. Yaya Hajo ta san kunnenta aka duba. Ni kuma shekara da shekaru ina yawo a Yelwa ina cewa ni nake kula da Malam, ban taɓa buɗe bakin nan nawa mai yawan magana na ce, Malam me kake ci ba. Na ji shi yana susa na ce muku zikiri ne. Na sa fuska a hijabi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun na Nasiru. Yaya Hajo, da ba ta taɓa barin dama ta wuce ba, ranar ba ta zolaye ni ba. Hannuna kawai ta riƙe.

Da na samu numfashi na ce mata a hankali mu tashi mu tafi. Maganar akushi kuwa, na binne ta. Da wane baki?

Inna Dije ta ce, "Ina za ku? Ba a zuwa gidan nan a tahi da yunwa." Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, ga baƙin akushin a hannunta. Na san shi kamar tafin hannuna, har tsagar da ke bakinsa. Ta ajiye a gabanmu ta buɗe. Datun ƙanzo ne. Ƙanzon tuwon shinkafa da aka jiƙa, aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono.

Ta ce, "Ku ci. Wanga shi ne abincin Yaya. Tun yana yaro shi ka kankare tukunyar innarmu. In ya zo nan ba ya tambayar komi sai shi."

Ƙanzo. Kowace Juma'a in na kwashe tuwon Malam, sai in jiƙa tukunya in kankare ƙanzon in watsa wa awakina. Yaya Hajo ta sha ganina ina yi. Ta dube ni, na dube ta, ta yi iya ƙoƙarinta, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "A'i, ashe awakinki ne suka cinye rabon Malam. Shi ya sa suke haihuwar tagwaye." Inna Dije ta tambayi me aka ce, aka gaya mata, ta yi dariya har tana tari. Ni ina kuka ina dariya ina ci. Kuma wallahi da daɗi.

Da muka gama ta wanke akushin da hannunta, ta goge da bakin zane, ta ɗora mini a cinya. Na ce, "Inna, ban cancanta ba. Ban ma roƙa ba."

Ta ce, "Wa ya ce kin cancanta? Shi ya ce in A'i ta zo a ba ta. Na ce kai, matar da ba ta hita gida? Ya ce za ta zo, ba ta iya haƙuri." Ta dafa kaina kamar yarinya. "Tahi da shi. Amma kahin ki zuba ma mutum abu, ki tambaye shi."

A komowa ban ji tsoron ruwa ba, kunya ta cika wurin da tsoron yake. Ɗanjuma ya miƙo mini kifina ya ce yana nan bai taɓa ba. Na ce ya ɗebi rabi. Sauran na kai gidan Malam Buhari, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ce, "Haba Hajiya, tashi. Malam ne ya hana ni faɗa, shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Kuma miyar taki ai ni na ci moriyarta, ban taɓa cin irinta ba." Na ɗan ji sanyi. Sai Mairo ta ɗauki kifin tana murmushi ta ce, "To Hajiya, bari in dafa wa mai kwaɗayin." Na daskare. Ta ce, "Ai ba ke kaɗai Allah ya ba kunne ba. Bangonmu ba kauri." Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a daren. Ban iya cin abincin gidan ba ranar.

Saura abu ɗaya, shi ne ƙarshe. Kun san tun bayan rasuwar Malam ban daina miyar Juma'a ba, Baba Ladan na masallacin unguwarmu nake kai wa, da niyyar ladan ya isa ga Malam. Juma'ar da ta wuce na ɗauki akushin babu komai a ciki, na je ƙofar ɗakinsa na yi sallama. Na ce, "Baba, yau ban dafa ba tukuna. Na zo in tambaye ka, me kake son ci?"

Ya leƙo ya dube ni, ya dubi akushin. Sannan ya ce, "A'i, ke ce kuwa?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To in babu takura, kunu. Mai ɗan tsami. Haƙoran sun ƙare, ƙaya kuma tana ba ni tsoro."

Na ce, "To kifin da nake kawowa fa?"

Ya ce, "Kyanwar masallaci tana gaishe ki."

Na koma gida na dama kunun tsamiya, na zuba a akushin Malam, na kawo na miƙa masa. Ƙafata da kanta ta kai ni bayan katanga, na kasa kunne kamar yadda na saba. Sai na tuna. Na ja hijabina na kama hanyar gida da sauri, tun kafin ya ce bisimilla.

Akushin yana nan, duk mai son gani ta zo. Amma don Allah ku kira ni A'i kawai.